Magini Ya Mutu Bai Shiga Kotu Ba

Zuwa ga ɗan ƙanena, Lauya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Tela na bakin layi ne ke rubuta min, na kuma ce kada ya gyara ko kalma ɗaya.

Magini ya rasu shekaranjiya, Allah ya jiƙansa. Amma fisabilillahi, duk tsawon shekarun nan bai mutu ba sai da shari'ata ta zo gangara? Shi ya gina katangata, shi kaɗai ya san cewa lungun da makanikin nan maƙwabcina ya toshe da bulo mallakina ne, ta nan ruwan gidana ke fita tun kafin a haife ka. Yanzu ko yayyafi aka yi, ɗakin goggonka tafki ne.

Na riga na samo mafita. Babban ɗansa ya gaji cokalin gininsa da igiyar awo, to ya gaji shaidar ma. Ka rubuta sunansa.

Ka huta lafiya.
Baffanka.

Zuwa ga Baffa,

Ina gaisuwa da ladabi, ina kuma yi maka ta'aziyyar abokinka.

Baffa, ba a gadon shaida. Ɗansa bai ga ginin ba. Abin da ya ji daga bakin mahaifinsa jita-jita ne a wurin alƙali. Muna da takardar rantsuwar marigayin, amma bai tsaya a kotu ya ce tasa ce ba, lauyan makanikin kuma bai yi masa tambayoyi ba, alhali haƙƙinsa ne. Sun nemi a cire ta.

Ka yi haƙuri da abin da zan tuna maka. A zaman da ya wuce Magini ya zo har ƙofar kotu, kai ka mayar da shi gida, ni na miƙe na roƙi alƙali ya ɗage zama. Har yau ba ka faɗa min dalili ba.

Makanikin ya ce zai sa bututu a ƙarƙashin bulon idan ka janye ƙarar. Ka duba.

Naka mai biyayya,
Ɗanka.

Lauya,

Gaisuwa. Dalili kake so? Ina tsaye, ido biyu, shaidana ya kama hannun makanikin da hannu biyu, har da "ya yara, ya mai jiki?" Suna dariya! Mutumin da ya jiƙa min katifa! Na ce, "Koma gida, malam, sai ka tuna ɓangaren da kake." Ya ce, "Kai dai ba ka canjawa." Na ce ba zan canja ba. Ina na san zai yi min wannan tafiyar?

Kuma wace tambaya ce ta rage? Mutum ya rantse, ya dangwala yatsa. Ai yanzu ma maganarsa ta fi ƙarfi, tunda ba mai iya saye shi da shayi. Karatun da ubanka ya sayar da kekensa ya biya maka, iyakarsa ke nan, ka ce min mamaci maƙaryaci ne?

Bututu! A lunguna za a yi min sadakar bututu? Ban yarda ba.

Baffanka.

Baffa,

Barka da war haka. Ban ce ya yi ƙarya ba, alƙali ma bai ce ba. Ya dai cire takardar yau, domin ba a gwada ta da tambaya ba. Saura maganarka da ta makanikin, shi kuma yana da takardar awon fili, mu ba mu da ita. Idan aka yanke hukunci muka faɗi, bututun ma ba dole ya sa ba.

Goggo ta kira ni. Ta ce ta ɗora gadonta a kan bulo, tari kuma ya dawo mata. Ta ce in hadari ya sake haɗuwa gidana za ta taho, da kayanta.

Ina jiran umarninka.
Ɗanka.

Lauya,

Gaisuwa. A sa bututun. Babba, kuma daga ɓangarensa za a fasa, ina zaune ina kallo.

Kada ka ce masa na yarda. Ka ce goggonka ce. In kuma ya miƙo min hannu, hannuna yana aljihu.

Baffanka.