Igiyar Anga

Tottenham, Landan
4 ga Maris

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ciwon gwiwar, yaya ruwan Yawuri bana? Muhibbat, ki karanta wa Baba a hankali, ta wajen kunnen dama.

Kun tambaya ko gaskiya ne a cikin jirgi muke kwana. Gaskiya ne. Hayar gida ta fi ƙarfina, shi ya sa muka koma wani siririn jirgin ƙarfe mai ɗaki da murhu a kogin Lea, wanda faɗinsa bai kai mashigin bayan gidanmu ba. Ɗan Sarkawa ya tsallako duniya don ya huta da ruwa, ga shi yana kwana a kansa. Da safe in tafi asibiti in yini ina tura marasa lafiya a kan gado, in dawo in tarar da itace da jarkar ruwa suna jirana. Na gaji, Baba, irin gajiyar da barci ba ya cirewa. Surukarku Fadilatu kuwa 'yar Zariya ce, ruwan randa kawai ta sani, haƙuri take yi da ni.

Yanzu gindin jirgin ya yi tsatsa. Mai duba jirage ya ce in ba a gyara kafin ƙarshen wata ba, ba zai sa hannu a takardarmu ba, in ba takarda kuma ba mu da wurin kwana. Masu gyaran suna can yamma da gari. An rufe ƙaramar hanyar ruwan da za mu bi, dole sai ta babban kogin Thames, kuma ba a shigarsa ba anga, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi.

Na samo dutse a inda ake gini, na ɗaure shi irin ɗaurinku don ya zame mana anga. Maƙwabcinmu Dachung, mutumin Jos da ke jirgin gaba da namu, ya gani ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ara mini tasa anga ta ƙarfe, mai baki biyu, da sarƙa da igiya gaba ashirin. Da hannu ɗaya nake ɗaga ta. Na ce masa wannan ko akuya ba za ta riƙe ba. Ya ce ba da nauyi take riƙo ba, garma ce: sai an ja ta a kwance take cin ƙasa, don haka a sakar mata igiya duka. Fadilatu ta tsaya tana sauraronsa har da rubutawa. Ni kuwa na ce a raina, manomin dankali ne zai koya wa ɗan Sarkawa ruwa?

Ban manta dokarku ba: igiya daidai zurfin ruwa, a ƙara gaba ɗaya, a yanke saura. Ban manta kuma da Yaya Affan ba, Allah ya jiƙansa, da yadda rarar igiya ta naɗe masa ƙafa ranar da ya jefa dutse. Tunda igiyar aro ce ban yanke ba. An ce zurfin kogin gaba huɗu ne, sai na ƙulle ta a gaba biyar, na cusa sauran a buhu na ɗaure bakinsa.

Ku sa mu a addu'a. A gaida Inna da kowa da kowa.

Ɗanku,
Uwaisu

Brentford, Landan
19 ga Maris

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Mu ma lafiya muke, ku fara riƙe wannan kafin Muhibbat ta ci gaba.

Ranar Talata da hantsi muka shiga Thames, ni da Fadilatu, don Dachung yana wurin aiki. Kogin nan cika yake yi ya janye sau biyu a rana, mu kuma muka bi cikarsa, yana tura mu ta baya. Mun wuce Charing Cross lafiya, har na nuna mata wajen da muka taɓa yin layin fasfo. Can gaba sai leda ta naɗe farfela, inji ya yi tari ya mutu. Ruwa ya juya jirgin a karkace, ya nufi ƙafar wata gada da mu.

Na ruga gaba na saki anga. Na ji ta taɓa ƙasa, na jira ta kama, ta ƙi. Tsalle kawai take yi a kan laka, igiyar tana rawa a hannuna, gada tana matsowa. Na jefa dutsena ma, don ban bar shi a baya ba. Jirgin ya ja shi kamar ba a jefa komai ba.

Fadilatu ta ce in saki sauran igiyar. Na ji ta sarai, Baba, amma hannuna ya ƙi. Buhun nake kallo, ƙafar Yaya Affan nake gani. Sai ta ture ni, ta yanke ɗaurin buhun da wuƙar kicin, ta ce in sassauta mata ƙullin. Ta koma gefe ta tattara zanenta, ta bar igiya tana zarewa har ƙarshe. Jirgin ya yi wata girgiza, ya juya hancinsa ya fuskanci ruwa, ya tsaya cik. Tsakaninmu da ƙafar gada bai fi tsawon jirgi biyu ba. A nan muka zauna har jirgin ceto ya zo ya ja mu.

Yanzu jirgin yana kan tudu ana gyara, za a sa hannu a takarda. Fadilatu ba ta yi mini gori ba, ni kuwa da ta yi da ya fi mini sauƙi. Dachung ya bugo waya, na ce masa angarsa ta yi aiki, ban ƙara komai ba. Na karya dokarku, Baba, kuma karyawar ce ta cece mu. Na rasa inda zan ajiye wannan a zuciyata. Ku yafe mini.

Ɗanku,
Uwaisu

Tottenham, Landan
2 ga Afrilu

Baba,

Assalamu alaikum. Na ji gwiwa ta bar ku kun je masallacin Juma'a, alhamdu lillahi. Mun dawo Lea, takarda tana hannu.

Saƙon muryarku ya iso ta wayar Muhibbat. Sau uku na saurara a ɗakin hutun asibiti, shayina ya huce ban sha ba. Kun ce duk Basarken da ya san aikinsa yana sakin doguwar igiya in ya shiga zurfi, ku ma haka kuke yi in kun gangara wajen Kainji. Kun ce gajeriyar igiya ba dokar Sarkawa ba ce, doka ce da kuka kafa mini ni kaɗai bayan Yaya Affan, don irin wannan igiyar ba ta barin mutum ya yi nisa da gaɓa.

Na yi ta tunani. Sai yanzu na gane abin da ya sa kullum ni ake bari a mashigi da gyaran komar kamun kifi, in manyan jirage za su fita. Shekara arba'in da ɗaya ina bugun ƙirji da ruwa, har ina raina mutumin Jos, ashe ban taɓa shiga zurfi ba sai ranar Talatar nan.

Da farko na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya na tuna ɗa ɗaya ya rage muku a lokacin, sai haushin ya tafi ya bar ni da gajiyata.

Na mayar wa Dachung angarsa, na faɗa masa yadda aka yi duka, har da buhun. Wannan karon bai yi dariya ba. Ranar Asabar zai raka ni in zaɓi tamu, Fadilatu ce za ta auna igiyar.

Kun rufe saƙonku da tambayar ko na cuce ku ko ku kuka cuce ni. Ba wanda ya cuci wani, Baba. Kun so in tsaya kusa da gaɓa, ga shi na yi nisan da shekara tara ke nan ban ga fuskarku ba. Na nemi hutu a watan Agusta. In na zo, ko da gwiwar ta hana ku tuƙi, ku zauna a tsakiyar jirgi ni in tuƙa, ku kai ni Kainji.

A gaida Inna. Muhibbat, na gode da karatu.

Ɗanku mai kewarku,
Uwaisu