Reshen da Ya Faɗo a Bakin Rafi

Zuwa ga 'yata Noelene,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikokina? Mijinki ma ki gaishe shi, in zai amsa.

Ni ƙalau nake a dajin nan na Tasmania. Kar rubutun ya dame ki, da hagu nake yi.

Kin san mu mutanen hamada, inda inuwa take nan muke sauka. Da isowata na kafa tanti a gindin bishiyar turare mafi girma a bakin rafi. Sai ga wani tsohon mai saran katako, Mervyn, yana tumɓuke mini turaku ko sallama babu.

"Kai tsoho, kabarinka kake shimfiɗawa? Waɗannan bishiyoyin ko ba iska yar da reshe suke yi!"

Na ce, "Ubanka ne ya dasa ta?" Na kai masa naushi, hancinsa ya fashe. Shi kuma ya maka mini guduma a hannun dama. Muna birgima cikin tsakuwar rafi sai muka ji ƙara kamar bindiga. Reshe mai kaurin saniya ya faɗo ya niƙe tantin. Karena Digger yana ciki. Da shebur ɗin Mervyn muka kwashe gawarsa.

Na san mijinki zai ce ga dalilin kai ni gidan tsofaffi. Duk wanda ya zo ɗaukata zai sha abin da Mervyn ya sha. Tanti da bargo kawai za ki aiko. Kafin nan a tantin Mervyn nake kwana, a fili. Har yau bai ba ni haƙuri ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Clarrie