Tsimin Dusar Salwa Ba a Koyonsa da Hoto

Zuwa ga Shugaban shirin kiwon salwa da aka kawo mana ƙasar Safana.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da ma'aikata suna lafiya. Ni ne Mati mai salwa, mazaunin Zakka. Ban yi boko ba. Maƙwabcina, tsohon malamin firamare, shi ke riƙe da biro, amma bakin nawa ne, na kuma hana shi sassauta ko kalma ɗaya.

Na farko. Da ɓarayin daji suka kore mini shanu a ƙauyenmu na ƙasar Batsari, na dawo nan Zakka, amma ban bi layin tallafi ba. Salwa ashirin na saya. Abincin kamfani ya gagari talaka, sai na koma ga abin da na ga uwata tana yi wa 'yan tsaki: dusar gero da ɗan garin waken suya a tukunyar ƙasa, ruwa ya haye ta da yatsa biyu, a zuba ludayin tsala daga wurin Fulani, a bar ta kwana uku. Tsuntsayena ba su san zawo ba. Kashinsu a ɗaure, ƙwai kuwa kowace safiya.

Na biyu. Daminar bara malamin gonarku ya shigo gidana, ya toshe hanci, ya ce a gaban mutane wai ruɓaɓɓen abu nake ba su. Ya soke sunana daga masu zuwa bita. Amma bai fita ba sai da ya ɗauki tukwanena hoto da waya. Na ƙyale shi, don na haifi kamarsa.

Na uku, kuma shi ya sa na buɗe baki. Bana sai ga ku kun tara jama'a a Safana kuna koyar da tsimin dusa, wai sabon ilimi ne daga masana, har kuka raba takarda a kai. To, ku ci sunan. Amma kun koyar da shi a karkace. Kun ce a zuba a bokitin roba, a rufe ruf, a bari mako guda. Ba ku ce a motsa safe da yamma ba. Ba ku ce a sa harshe ba. Ni sai na lasa kafin su ci: in tsaminta irin na koko ne, bismilla, in ta yi ɗaci ko funfuna ta hau, sai juji. Kuma ba a zuba musu fiye da abin da za su cinye kafin hantsi.

Talatu, matar marigayi ƙanena, ta bi takardarku ta bar maganata, don taku mai tambari ce. Salwarta talatin, yau sha ɗaya suka rage, su ma fukafukai a ƙasa. Na kwaso su gidana ina jinya. Da ƙwan nan take ciyar da marayu huɗu. Gida nawa ne a garinsu Tsaskiya ke da irin wannan bokitin, Allah masani.

Abin da nake nema kaɗan ne. Ku janye takardar nan tun yau. Ku sake tara mutanen, ku ba ni wuri in nuna musu da hannuna. Ba na son ladan komai. Malamin naku ma ya zo ya zauna a gaba, ba zan kunyata shi ba, amma sai ya lasa.

In kun ga tsoho bai isa ya tsaya a zaurenku ba, ranar kasuwa mai zuwa zan shimfiɗa tabarma a ƙofar ofishinku in koyar da duk mai so. Na faɗa muku tun da wuri don kada a ce ban yi sallama ba.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka masu faɗa maka gaskiya, shi dawo mana da zaman lafiya a dajinmu.

Wassalam.

Mati mai salwa, Zakka.