Kare Ba Ya Cewa Da Sauƙi

Yaya Lawwali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Fatsuma da mutanen Mairuwa. Yaya ciwon cikin Baba? Kada ka ce mini da sauƙi.

Ni lafiya lau nake a Jamus, sai dai sauya kaya kafin kowace salla, don a asibitin dabbobin da nake aiki karnuka sun fi yawa. Bar Baba a kan cewa shanu nake dubawa.

An kwantar da wani kare, fankiriyas ɗinsa da ke bayan tumbi ya kumbura farat ɗaya. Kullum sai na ɗebi jininsa mun auna ko kumburin na sauka. Likita ta ce dole ne, tunda kare ba ya magana.

Inna tana da baki, Yaya. Tana dafe da ciki tana ce wa 'yan dubiya da sauƙi, muna amsawa, har muka kai ta makwanci ba a taɓa ɗibar jininta ba.

Don Allah ka kai Baba Funtuwa a auna shi, kada ka tambaye shi. Karen jibi za a sallame shi.

Allah ya jiƙan Inna.

Ƙanenka,
Mas'ud