Ni Na Koya Musu Hana Birin Ruwa

Assalamu alaikum Admin, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana. Ina roƙonku, kafin ku fara zagina ku kai ƙarshe tukuna, don zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina har na gaji. Kada ma wani ya tuna min labarin matar da ta ɗaure kyanwa, tun ina makarantar allo na san shi. Shawara nake nema, ba wa'azi ba.

A Doha nake aiki. Ina da difloma, amma a nan difloma ba ta hana ka riƙe tsintsiya. Kamfanin kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin bizata, hayar ma'aikata yake bayarwa, yau a kai ka otal a West Bay, gobe a kai ka wurin biki. Da sanyin bana aka tura ni wurin wasu baƙi masu yawo ƙasa-ƙasa da ƙaton tanti, masu tafiya a kan igiya da wasa da wuta da dabbobi. Aikina wanke keji da kwashe kashi a bayan tanti. Abin da ko abokan ɗakina a Mu'aither ba su sani ba shi ne mahaifina gardi ne. Wasa da kura da biri ya yi a kasuwanni har ƙarfinsa ya ƙare. Da sana'ar ya ciyar da mu, amma na taso ina jin kunyarta, don 'yan ajinmu "ɗan kura" suke ce min. Na yi boko don in gudu daga warin keji, sai ga shi na hau jirgi na keta ƙasashe na dawo cikinsa. Wannan kaɗai bai isa ya ƙona wa mutum rai ba?

Cikin dabbobin akwai wani biri, Bobo. Shi ne yara suke zuwa kallo: ya hau ɗan keke, ya yi alkafura, ya sara wa jama'a kamar soja. Mai horar da shi wani ƙaton mutum ne mai gajeren haƙuri, kowa Kyaftin yake ce masa. Ana cikin haka Bobo ya yi tawaye. A fito da shi fili, ya zauna ya juya wa jama'a baya. Kyaftin ya sa masa bulala a bayan tanti, yau duka gobe duka, birin na ihu ni kuma ina goge ƙasa kamar ba na ji. Ranar da abin ya ishe ni na ajiye bokiti na ce, "Kyaftin, ba da duka ake yi ba." Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kai mai shara, me ka sani? Yalla, koma aikinka." Wallahi da a nan na tsaya da ban rubuto muku ba. Amma kalmar nan ta mai shara ta tsaya min a wuya. Na ce masa a gidan masu wannan sana'a aka haife ni. Na ce ya janye wa birin ruwa tun safe, in lokacin wasa ya yi ya nuna masa gora, duk abin da ya yi daidai a ba shi kurɓi ɗaya. Tausayi ne ya buɗe bakina ko son a san ni ma wani ne? Har yau ban iya rabe su ba.

Abin ya ci. Bobo ya hau keke, tanti ya ɗauki tafi, Kyaftin ya dafa kafaɗata ya ce daga yau ni ne mai kula da birin. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ni a zatona kwana biyu za a yi a daina. Ina! Mutumin nan ya ga hanya mai sauƙi wadda ba ta barin shaidar bulala a jiki, sai ya mayar da ita ta kullum, wasan rana da na yamma. Ga sanyi ya wuce, zafi ya fara, bayan tantin kuma inda injinan wuta suke huci kamar gidan burodi. Idon Bobo ya faɗa, fitsarinsa ya koma ɗan kaɗan mai duhu. Yana lasar ƙarfen keji. In na sa hannu zan share masa wuri sai ya riƙe ni yana lasar gumin hannuna. Na fara ba shi ruwa a ɓoye, sai ranar ya ƙi wasa, Kyaftin ya gane. Ya sa aka kafa kyamara a saman kejin, ya ce min, "Dabararka ce, ba tawa ba. In ka buɗe baki, sunanka zan fara kira. Waya ɗaya zan yi wa kamfaninku, khalas, ka koma ƙasarku." Na yi masa bayani, na roƙe shi, na ce ba haka ake yi ba. Lokacin da na faɗi mugun abu nan take ya saurare ni, yanzu da nake faɗin na kirki na sake zama mai shara.

Akwai likitar dabbobi da ke zuwa duba su lokaci-lokaci, Bahaushiya ce 'yar Zariya, asibitinsu yana Al-Sadd. Zan kira ta Dakta. Ranar da ta fara jin na yi Hausa har tafi ta yi don murna, tun daga nan in za ta zo sai ta riƙo min dambun nama. Duk ranar zuwanta Kyaftin da kansa yake cika kwanon ruwan. Zuwanta na baya ta ja fatar Bobo, ta duba dasashinsa. Sai ta juyo da Hausa, yadda Kyaftin da ke tsaye ba zai ji ba, ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, birin nan yana samun ruwa kullum?" Ga dama har gida, a harshen da ba mai ji sai mu biyu. Na ce, "Yana sha sosai, Dakta." Ta ce, "To tunda kai ka faɗa. Ke nan wani ciwon ne, bari mu gwada magani." Ta rubuta magani a kan ƙaryata, ta miƙo min dambun, na karɓa har da godiya. Wane irin mutum ne wannan?

Da abin ya hana ni sukuni na kira Baba. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, in biri ya ƙi wasa, ba ruwa kuke janye masa ba?" Ya ce, "Wa ya gaya maka?" Na ce a wurinsa na gani ina yaro. Ya ce, "To da kake gani, ka ga na sha ruwa a ranar?" Ya ce, "Ranar da na hana dabba ruwa ni ma ba na sha. Maƙogwarona ne agogona. In ya fara ƙuna na san nata ya fi, sai mu sha tare. Kuma a farkon koyo ake yi a wuce wurin, ba a zama a kai. Shi ɗin ma har yau ina neman gafarar Allah. Kai wa ka koya wa?" Na ce layin yana yankewa, na kashe. Sana'ar da na raina, ashe ko kallonta ban yi da kyau ba. Rabi na gani, rabin na ba mutumin da ke yawo da ruwan sanyi a hannu.

Shekaranjiya na ce bari in yi yadda Baba yake yi. Aka ɗauke kwanon Bobo da safe, ni ma na ajiye gorata. Ni da na saba yin azumi lafiya lau, ga aiki ga hucin inji, kafin la'asar harshena ya manne, kaina na sarawa. Na kasa. Na koma gefe na buɗe gorar na kafa kai, ina zaton ba mai ganina. Ina saukewa muka haɗa ido da Bobo. Ya miƙe da ƙyar, ba wanda ya umarce shi, ba kiɗa ba 'yan kallo, ya yi alkafura a cikin kejin, ya sara min, ya miƙo hannu ta tsakanin ƙarfe. Na kalli hannun, na kalli kyamara, na rufe gorar na fita.

Ranar Alhamis Dakta za ta zo dubawar ƙarshe, daga nan a naɗe tanti a loda dabbobin zuwa wata ƙasa. In na yi shiru, Bobo zai tafi da Kyaftin da dabarata, kuma ba na jin zai ga ƙarshen zafin nan. In na faɗa, wataƙila ta sa a riƙe shi a yi masa jinya, ni kuma in rasa aikin da Baba da ƙannena suke ci a ciki, bayan na kalli idon matar nan na ce mata ƙarya na yi. Abokin ɗakina da na ɗan gutsura masa labarin dariya ya yi, wai a kan biri zan zubar da abincina. Shi bai ga hannun ba.

Jama'a, Alhamis jibi ce. Me zan yi?