Mai Tuni a Bayan Labule

Litinin, 3 ga Maris

Yau muka fara gwajin wasa a ɗakin taron da ke bayan laburare. Tsohon wasan nan ne: sarkin da ya saurari raɗar amininsa, ya kori ƙaninsa daga gari, bai gane gaskiya ba sai da aka kawo gawa. Shekara goma sha ɗaya ni nake fitowa a sarki. Bana abokina Dogo ne. Ni an ba ni kujera a bayan labule da takardun wasan, in wani ya manta maganarsa in tuna masa. Na zauna. Kujerar ƙafarta ɗaya gajeriya ce.

Alhamis, 6 ga Maris

Kunnena na hagu ya gama tafiya. A shagona na gyaran agogo, in na kara agogo a kunnen, shiru, kamar na kara dutse. Ba ya ciwo.

Mutum biyu kaɗai na gaya wa: Dogo, da Auta ƙanina. Watan jiya Dogo ya tsaya a bakin shago yana kallon ƙasa, ya ce, "Aboki, ban so faɗa maka ba. Auta ne ya kai wa Daraktan wasa maganar kunnenka. Wai gudu yake kada ka kunyata gida a gaban jama'a." Shekara ashirin da biyu muna tare da Dogo. Ban tambayi Auta ba. Me zan tambaya.

Asabar, 15 ga Maris

Auta ne ke fitowa a ƙanin da aka kora. Kullum sai ya zo ya ce, "Yaya, ina wuni," in ɗaga masa kai. Maman yara ta ce, "Wai kai da Auta me ya haɗa ku? Sau biyu yana zuwa gida kana cewa a ce barci kake, da rana tsaka, kai da ko a gado sai an roƙe ka." Ƙaramar 'yarsa ta yi kwana uku a asibiti. Maman yara na tura, ban je ba.

Dogo ya iya sarki, gaskiya ɗaya ce. Inda yake riƙe hannun maƙaryacin ya ce, "Kai kaɗai ka rage mini," har mai shara ta tsaya da tsintsiya.

Talata, 18 ga Maris

Darakta ya kawo agogonsa ya tsaya. Ina buɗe bayansa yana ta zuba. Can sai ya ce, "Wallahi da Dogo bai same ni har gida ba, ban san kunnen ya kai haka ba. Ƙaninka kuwa sai da muka yi sa-in-sa. Wai in bar maka sarkinka, shi zai riƙa tsayawa ta damanka."

Na ce masa batir ne kawai. Na canza, na goge gilashin, na miƙa masa.

Laraba, 19 ga Maris

Na ci abinci. Na gyara agogo huɗu. Ina jira in ji wani abu, bai zo ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Wataƙila Darakta ya rikita sunaye, tsufa ya fara taɓa shi. A wurin gwaji na zuba wa Dogo ido. Fuskar nan ce dai, da wushiryarsa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Aboki, ka rame fa." Hannun ma shi ne, wanda ya kama makarar mahaifinmu tare da mu.

Lahadi, 23 ga Maris

Na je gidan Auta. Na daɗe a bakin ƙofa ina kallon takalman yara. Ya fito da tawul a wuya. "Yaya! Lafiya?" Na ce yarinyar na zo dubawa. Ta warke tuni, tana tsalle a kan kujera. Ya zagayo ya zauna ta damana, bai tambaye ni komai ba. Sai da zan tashi ya ce, "Dogo ya ce fushi kake don ban fita daga wasan ba. Ya ce in ba ka lokaci, kada in tayar da maganar. Ka yi haƙuri, Yaya."

Shi ke ba ni haƙuri. Na ce ya gaida mutan gida, alhali ga su nan a gabana.

Asabar, 29 ga Maris

An yi wasan da yamma, ɗaki ya cika har da na tsaye. Komai na tafiya daidai sai da aka zo wurin gawa. Auta na kwance an lulluɓe shi zuwa wuya, Dogo ya durƙusa a kansa, ya buɗe baki, magana ta ɓace. Ya waiwayo wajen labule. Gumi na bin gemun robar da aka manna masa.

Layin na ƙarƙashin yatsana. Ko babu takarda na san shi. Na yi shiru. Wani ya yi tari a baya, wata kujera ta yi ƙara. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ga gawa ta ɗan buɗe ido ɗaya tana kallona.

Na ce, "Da bakina na kore ka, da kunnen wani."

Dogo ya ɗauka, ya ƙarasa da hawaye na gaske. An yi ta tafi.

Litinin, 31 ga Maris

Dogo ya zo lokacin da nake rufe shago. Ya ce, "Aboki, ka cece ni. Ban san me ya same ni ba." Na ce ba komai. Ya ɗan tsaya kamar akwai saura, ni kuma ina ta fama da kwaɗon da ba abin da ya same shi. Ya ce mu taka tare kamar kullum. Na ce akwai inda zan biya.

Babu inda zan biya. Na dai bi doguwar hanya, sai ga ni a layinsu Auta.