Kafaɗar da Na Ba Laminu Aro

Kai mai karatu, tsaya tukuna. Kafin ka sa ido a wasiƙun mutane, ga kacici-kacici. Biyu na tura jami'a, ɗaya mai kai, ɗaya marar kai. Duk dukan da aka yi, tare suka sha shi. Mai kai ya rantse zai ɗauke ni, marar kai bai ce uffan ba. Wanne ne ke ɗauke da ni yau?

Ni ce Zenaba ta unguwar Lokuwa a Mubi. A ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, rubutuna kuwa kamar kaza ta taka tawada, shi ya sa kowace wasiƙa sau biyu nake yin ta, in aika mai kyan, in riƙe mummunar. Munanan ne ga su nan, tare da amsoshinsu.

Jami'a, Nuwamba 1963

Zuwa ga kakata Zenaba,

Gaisuwa mai yawa tare da biyayya. Ina fatan kina lafiya, da maƙwabcinmu Baffa Bobboi da iyalinsa. Ni ma lafiya lau, sai dai za ki ga rubutun nan ya karkace. Da hagu nake yi. Kada hankalinki ya tashi, ƙashin kafaɗata ta dama ne ya tsage, an ɗaure, yana warkewa.

Ga yadda abin ya faru. Wani malaminmu Ba'amurke, Mista Harlan, ya zo da ƙwallon ƙasarsu, ya tara mu muka kafa ƙungiya. Ƙwallon kamar gwanda yake. Ba a cika bugunsa da ƙafa ba, rungumarsa ake yi a ruga, abokan karawa su bi mutum su kayar. A ƙasarsu akwai abin da suke sawa a kafaɗa don kare ƙashi, mu kuwa ba mu da shi. Hular kwano ma biyu ce tak, karɓa-karɓa muke yi. Da Mista ya nuna mini hoton abin, sai na ce a raina, ai wannan akumari ne, irin wanda ke da marigayi Kaka Bunu kuke ɗinka wa jakunan fatake don kada kaya su ci musu baya. Na zana miki shi a bayan takardar nan. In da hali, ki taimake mu da na mutum ashirin da biyu.

Ki huta lafiya.
Jikanki mai biyayya, Laminu Garbai

Lokuwa, Disamba 1963

Zuwa ga maigidana Laminu, mai digirin kokawa,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, da sauƙi dai.

Na karanta wa Bobboi wasiƙarka. Ya ce, "Dada, wai jami'ar ba ta da isasshiyar gwanda ne, da za a bar ƙarti su kashe juna a kan guda ɗaya?" Na ce masa ai ba ci ma ake yi ba. Ya yi salati ya ɗauki butarsa ya fita.

Yanzu saurara, wannan layin babu wasa a ciki. Kakanka ya riga ni. Ubanka Garbai ya riga ni. Danginmu na Barno kuwa, tun da muka sauka Mubi sai dai labari. Ranar da za a fitar da ni daga ɗakin nan, maza za su ɗauki makara, kuma gaba ta dama taka ce. Ba na son in tafi a wuyan baƙi zalla. Saboda haka kafaɗar nan tawa ce, aro na ba ka. Wa ya ba ka izinin fasa kayan aro?

Na so in ƙi ɗinkin. Amma na san taurin kanka, da akumari ko babu za ka koma. Ga shi kuma tun da aka yi ƙuri'ar raba gardamar nan muka tsaya a Najeriya, motoci suka cinye hanya, jakin da ke zuwa Belel ya yi wuyar gani, basillata har ta yi tsatsa. Ina ta tambaya ina jakai suka shige, ashe jami'a suka koma.

Na ɗinka. Rimi bai fashe ba tukuna, audugarsa da na samu a kasuwa ta ishi na sauran ne kawai. Naka kuwa, katifar kakanka na farke na ɗura masa, ninki biyu, na yi masa alama da jan zare. Na ɗora wa Bobboi shi na narka masa taɓarya. Ya ce bai ji komai ba, sai dai ya zauna a ƙasa ya daɗe. Ni na koma tabarma. Kada ka damu, ƙasusuwana ba sa cikin ƙungiya.

Allah ya tsare mini kayana.
Matarka ta fari, Zenaba

Jami'a, Afrilu 1965

Zuwa ga kakata,

Bayan gaisuwa da biyayya, na rantse miki, ranar da kika ambata, Allah ya nisanta ta, ni zan tsaya gaba ta dama.

Tun da kayanki suka iso babu ƙashin da ya sake karyewa. Da na gaya wa Mista Harlan asalin sana'ar, ya yi dariya har da hawaye, daga ranar kuma sunan ƙungiyarmu ya zama Jakunan Mubi. A duk ƙasar nan babu wata ƙungiya irin tamu da za mu kara da ita, don haka muke rabuwa biyu ranar Asabar mu yi ta kayar da juna. Amma watan jiya wasu Amurkawa masu koyarwa a makarantu suka haɗu suka zo mana, kuma muka cinye su. Ni ake sawa gaba in buɗe hanya, domin ba na tsoron karo. Na san abin da ke kafaɗata. Mista ya ce yaron da ba ya ja da baya irina, ya kamata a ce ya ƙaro karatu a ƙasarsu.

Akwai sabon shiga, Vandi, ɗan wajen Uba. Zai biyo ta wurinki da hutu ya kawo akumaran da suka yage. Ni ba zan samu zuwa ba, akwai atisaye.

Jikanki, Laminu

Jami'a, Yuli 1967

Zuwa ga kakata,

Gaisuwa da biyayya. Kin san abin da ya faru bara. Rabin ƙungiyarmu yaran Gabas ne. Sun tafi ba ko sallama, akumaransu na nan rataye a ƙusa, babu mai iya taɓa su. Yanzu ga yaƙi. Mutumin da na saba kayarwa in miƙa masa hannu ya tashi, ban san ko yana da rai ba.

Mista Harlan zai koma gida. Ya samo mini gurbin karatun aikin ruwa a jami'ar garinsu. Ya ce abin da ya gani a fili ne ya sa ya tsaya mini. Shekara biyu ce kawai, Kaka. Jirgi na sauri, ba zan samu zuwa sallama ba. Na bar wa Vandi ƙungiya da kayana. Ki yafe mini, ki sa mini albarka.

Jikanki, Laminu

Lokuwa, Agusta 1967

Zuwa ga maigida mai guduwa ya bar mata,

Na amsa. Albarka kuwa na sa, ai ba a hana ta.

Na kai wa Bobboi labari, ya tambaye ni Amurka gaba take da Yola ko baya. Na ce masa an ce in nan rana ce can dare ne. Ya ce to ashe ko mutuwa na yi da hantsi, kai kana barci.

Na yi ta juya zancen a kan tabarma. Da na rage maka auduga, da kafaɗar ta sake tsagewa, da Baturen bai ga komai a fili ba, da yanzu kana nan ƙofar ɗaki kana mita da karkataccen wuya. To, ni ba na ɗinkin ha'inci. Jaki ma in ka gyara masa baya sosai, nisa yake ƙarawa. Na san haka tun kafin a haife ka, ban dai taɓa ɗinka wa wanda nake so ya dawo ba.

Yaran Gabas ɗin nan, akwai mai faɗin ƙirji da na ƙara wa igiya. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san awonsa. Ina sa shi a addu'a, da awon nasa, tunda ban san sunansa ba.

Shekara biyu ka ce. Zan gwada. Gwiwoyina sun fara yi mini rashin kunya, amma zan ce musu maigida ya ce a jira. Ka rufe kafaɗata daga sanyi.

Taka, Zenaba

Amurka, Maris 1970

Kaka,

Gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri da shiruna. Na gama karatu, na samu aiki a wani kamfanin famfo, sun ce in ƙara gogewa kafin in dawo. Ƙwallo kam na daina. 'Yan wasan nan kowane ɗaya kamar bijimi, da na je gwaji ranar farko suka ce in zauna in yi kallo. Abin kafaɗarsu na roba ne, ba ya jin gumi, amma wallahi naki ya fi laushi. Kafaɗa lafiya lau. Na ji yaƙi ya ƙare, alhamdu lillahi. In Allah ya yarda baɗi ina hanya.

Laminu

Jami'a, Yuni 1972

Zuwa ga Kaka Zenaba,

Ina gaisuwa da kyau. Ni ne Vandi, wanda ya cinye miki tuwo da miyan kuka lokacin hutu har kin ce a kulle tukunya. Yanzu ina koyarwa a nan.

Kaka, ƙungiya ya mutu. Na riƙe shi iya ƙarfina. Bayan yaƙi mutum ɗaya ne ya dawo cikin yaran Gabas, ya zo ya tsaya ya kalli akumari nasa a ƙusa, bai ɗauka ba, ya tafi. Sabon yara ba su so, sun ce wasan mahaukata ne, ƙwallon ƙafa ya fi. Ƙwallon Mista kuma ya fashe, baduku ya ɗinka, ya sake fashe, yanzu ba wurin sa allura. Asabar na ƙarshe mu shida ne a fili. Mun zauna a ciyawa mun sha rake, mun tashi.

Sauran akumari ɓera ya ci. Na Laminu mai jan zare kaɗai ya tsira, don a akwati nawa yake. Ga shi na ba direba ya kawo miki.

Laminu ya taɓa gaya mini zancen makara. Kaka, ni Kirista ne, ban san ko liman zai yarda ba. Amma kafaɗa nawa ma ke kin tsare shi. In an yarda, a aiko Uba, gidanmu za su nemo ni.

Ɗanki, Vandi

Amurka, Disamba 1974

Kaka,

Gaisuwa. Bana ma bai yiwu ba, aiki ya yi yawa, ga iyali. Na yi aure kamar yadda na gaya miki, yanzu kuma Allah ya ba mu 'ya mace, har ta fara tafiya. Na sa mata sunanki. Ga hotonmu a ƙofar gida. Farin da kike gani a ƙasa ƙanƙara ce. Baɗi, da yardar Allah.

Laminu

Lokuwa, Fabrairu 1975

Zuwa ga Laminu,

Na amsa gaisuwa. Ido ya yi rauni, ba zan tsawaita ba.

Na ga hoto. Na kai shi bakin ƙofa wurin haske na duba da kyau. Ka yi ƙiba. Yarinyar kuma na ga inda ka ɗora ta: kafaɗar dama, ta riƙe maka kunne kamar linzami. To, Zenaba ce dai ta hau, ko da ba wadda ta yi odar ba ce. Ta fi ni sauƙin ɗauka, kuma ita tana dariya.

Zancen Vandi na kai wa liman. Ya shafa gemu ya ce zai duba littafi. Har yau yana dubawa. 'Ya'yan Bobboi sun ce za su ɗauka, su huɗu ne, duk ƙarti, kuma ba sa zuwa ko'ina.

Saboda haka na bar maka kafaɗar. Ba aro ba ce kuma. Ka daina rubuta mini baɗi, kalmar ta gaji, ni ma haka. Ka rubuto mini abin da takwarata ke ci, da ko tana cizo.

Allah ya yi muku albarka.
Kakarka, Zenaba

Kai kuma mai karatu, ga amsarka. Akumarin Laminu ne, mai jan zare. Na farke shi na yi matashin kai, shi ke ɗauke da kaina.